Ranar da Na Wuce Tuwon Kawuna

Edita, ina yi maka sallama tare da fatan kai da masu karatu kuna cikin ƙoshin lafiya. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko maka, na asara da cin amana da ɗaurin kurkuku, har ina jin nauyin kawo nawa, domin nawa a kan abincin rana ne kawai. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma na kai shekarun da mutum ya kamata ya sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi. Ka ba ni fili in faɗa wa na baya yadda na ɓata tsakanina da mutumin da ya rene ni, ba da zagi ba, ba da sata ba, da faɗin "duk inda kuka ce" kawai.

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai. Na ɗan taɓa boko, sai na sami aiki da masu awon ƙasar da za a haƙa hanyoyin ruwa. Ni ke riƙe sandar awo, ni ke kafa turaku, ni ne kuma tafinta tsakanin safiyo, wato shugaban awon, da manoma. Ina zaune a ɗakin haya a Talata Mafara, kuma duk wanda ya san ni a lokacin abu ɗaya yake yabona da shi: ba ni da musu, ba ni da matsala. Na ɗauki wannan yabon na ɗora a ka kamar rawani. Halin kuwa yana da tushe. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara bakwai, kawuna yayan mahaifiyata ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu da ke tsakanin Mafara da Bakura. Allah ne shaidata, bai taɓa nuna mini bambanci ba. 'Ya'yansa ma suna da kwanonsu daban, ni kuwa a nasa nake ci, ina zaune a damansa, in akwai tsoka ɗaya a miya sai ya turo ta gabana da ɗan yatsa ba tare da ya dube ni ba. Amma ni da kaina na sa wa raina cewa ɗan riƙo ba ya zaɓe, abin da aka ba shi shi ne daidai, kuma da wannan tunanin na girma.

Mu uku ne a motar aiki. Akwai safiyo, Kirista ne daga can ƙasar Jos, mutum mai sanyin hali, yana jin Hausar kasuwa amma in tsofaffin ƙauye suka juya harshe sai ya dube ni. Akwai direba, ɗan Gusau, mai surutu da son ciki, wanda ya san kowace mai tuwo daga Maradun har Bakura, ya san wadda take ƙara mai da wadda take ƙara ruwa. Sai ni. Kullum in rana ta take, safiyo zai naɗe takardunsa ya tambaya ina za mu ci yau, kuma sai ya juyo ya tambaye ni da kaina. Ni kuwa amsata ɗaya ce, duk inda kuka ce. Direba ba ya jira a maimaita, sai ya ta da mota, galibi zuwa wajen wata mata a tashar Mafara wadda miyarta barkono ne aka ɗan yayyafa wa ruwa. Abin da ba su sani ba shi ne ina fama da gyambon ciki. Ina yawo da ƙullin kanwa a aljihu, in mun gama ci sai in zaga bayan mota in jiƙa in sha, in dafe ciki har ya lafa, sannan in dawo ina murmushi. Wata rana ma har ni ke yabon miyar, don in ga direba ya ji daɗi.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma a zuciyata ina tara musu laifi. Ina cewa mutanen nan ba su da lura, ba su ga yadda nake gumi ba, ba su ga ina barin rabin tuwo ba? Ina so su gane da kansu, su ce yau kam zaɓin wane za mu bi, ba tare da na buɗe baki ba. In direba ya yi gyatsa ya ce alhamdu lillahi, sai in ji kamar in kwaɗa masa kwano. Fuskata tana dariya, cikina yana ƙuna ta hanya biyu, kuma wata da watanni muka yi a haka ba wanda ya san ina jin haushin kowa.

Ana nan sai awo ya kai ƙauyen kawuna. Ranar Talata ya zo kasuwa ya same ni a bakin ofis, muka gaisa, ya ce ya ji jibi za mu shigo wajensu, to in kawo abokan aikina su ci abinci a gida. Na ce to. Ya ƙara cewa kada in ji komai, ya san aikin gwamnati ne ba nawa ba, amma yana so mutanen gari su ga ɗansa ya zo da manyansa sun zauna a zaurensa. Na sake cewa to. Sai wanda ya rayu a wancan lokacin zai gane nauyin wannan gayyata. Manoma suna cikin zullumi, kowa yana ganin za a shiga gonar da ya gada a baje ta, ba ya da tabbacin yaushe za a mayar masa ko wacce za a ba shi. Mu masu sandar awo ba a yi mana kallon arziki. A irin wannan hali, gidan da ka ci abinci da gidan da ka wuce duk magana ce, kuma kawu ya zaɓi ya nuna wa garinsu cewa shi dai yana tare da ni.

Kwana biyu ina da su in faɗa wa safiyo, ban faɗa ba. Ranar Laraba direba ya wuni yana waƙar wata mai shinkafa da kifi a Bakura, yana cewa tunda gobe muna kusa, ko ana ha maza ha mata sai mun je. Na ji nauyin in ɓata masa shiri. Na kuma ji tsoron kada safiyo ya zaci ina so in saye shi da tuwo saboda gonar kawuna. Akwai kuma wata ƙaramar kunya da sai yanzu nake iya faɗinta, ina tunanin ko abincin ƙauye zai yi wa mai ilimi irinsa. Sai na lallashi kaina da cewa ai sun san garinmu ne, in lokaci ya yi za su tambaya, ni kuma in ɗan yi kara, su matsa, in kai su. Haka aka koya mana: in an yi maka tayi ba ka karɓa a karon farko, sai an maimaita, an sake maimaitawa, sannan ka miƙa hannu da mutuncinka.

Ranar Alhamis muka yi awo tun da hantsi. Layin ruwan ya bi ta tsakiyar fadamar kawu, inda yake shuka albasa da rogo, kuma da hannuna na kafa turaku shida a cikinta. Shi bai fito gonar ba, na san yana gida yana shirin baƙi. Da azahar ta gabato safiyo ya naɗe takardu, ya dube ni ya ce ai nan garinku ne, yau kai za ka ce inda za mu ci. Ga ƙofa an buɗe mini har bango, amma bakina ya riga ya saba, na ji kaina ina cewa a'a, ba komai, duk inda kuka ce. Direba, da yake Bahaushe ne, ya ɗan leƙo ni ta madubi ya ce ko za mu biya mu gaida mutanen gida? Na ce haba, kada ku damu, wata rana a yi. Ina jiran ta uku. Na shirya har da abin da zan ce, to tunda kun matsa, akwai ɗan abin da kawu ya tanada. Ta uku ba ta zo ba. Safiyo ya ce shi ke nan, direba ya murɗa makulli.

Hanyar fita garin ta gaban zauren kawu ta bi. Tun daga nesa na hango an yi shara an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sababbin tabarmi har waje. Na ga liman, na ga maƙwabta uku ko huɗu, na ga kawu cikin farar rigarsa ta Juma'a. Da ya ji ƙarar mota ya miƙe tsaye yana gyara hula. A nan ma da na ce a tsaya, da an tsaya, taka birki ne kawai. Amma sai na ga in na yi magana yanzu za su gane ƙarya na yi musu ɗazu, za a ce ashe shi ma yana da matsala. Na ɗaga wa kawu hannu ta taga, irin ɗagawar da ake yi wa wanda aka sani a hanya, muka wuce. A Bakura na ci shinkafa da kifi ban san ɗanɗanonta ba, har direba yana tambayata ko ban faɗa maka ba, ina cewa gaskiya ka iya zaɓe.

Talatar da ta biyo wani maƙwabcin kawu ya tare ni a kasuwa ya ba ni sauran labarin, ba tare da ya rage komai ba. Ya ce kawu ya yanka ɗan akuyar da yake kiwo, Inna matarsa ta tuƙa tuwon shinkafa, ta gasa hoce na garin dawa, ta dama fura don baƙon da aka ce ba ɗan yankin nan ba ne, ko tuwon bai yi masa ba. Da muka wuce kawu ya ce wa mutane watakila mun je ajiye kayan aiki ne, yanzu za mu juyo. Ya hana a buɗe kwano ko ɗaya har aka yi la'asar. Sai da rana ta yi sanyi ya ce a rarraba wa maƙwabta, shi kuwa bai sa ko loma a baki ba. Maganar da ke yawo a garin ita ce yaron da ya rena ya zo ya auna masa gona, ya kuma ƙi cin tuwonsa.

Mai hankali a nan zai hau keke ya tafi ya durƙusa. Ni ban je ba. Kunya ta hana ni, sai na nemi wanda zan ɗora wa laifin, na kuwa samu a kusa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ce safiyo ne, da ya damu da ni da ya sake tambaya. Na ce direba ne, cikinsa ya fi masa mutuncin mutane. Na tsani mutanen nan biyu tsana mai tsanani, alhali kullum muna mota ɗaya, ina gaishe su da fara'a. Da can in tsofaffi suka yi wa safiyo baƙar magana nakan tace ta kafin in juya masa, yanzu sai in miƙa masa ita da zafinta, ina kallon yadda fuskarsa ke canjawa, ina jin wani mugun sanyi a raina. In ya tambaye ni ko lafiya, in ce lafiya lau. In rana ta take ya tambayi inda za mu ci, in ce duk inda kuka ce. Wajen wata huɗu na yi a haka, ban taka ƙauyen ba, ciwon cikina kuma ya ƙaru har na rame.

Abin ya fashe ne wata Talata. Da safe na hango kawu a layin masu albasa, ya zo sayen abin da da shi ke kawowa kasuwa, don a lokacin an riga an shiga fadamarsa. Na laɓe bayan buhuna har ya wuce, ni da ya yi wa wanka da hannunsa. Da rana a bakin tasha safiyo ya yi tambayar da ya saba. Ban san lokacin da na fara ba. Na ce me ya sa yake wahalar da bakinsa, tunda ba a taɓa bin ra'ayina ba. Na zazzage musu komai a gaban mutane, barkonon da ke cin cikina, kanwar da nake sha a ɓoye, akuyar kawu, tabarmin da aka shimfiɗa, na ce sun raba ni da ubana saboda kifi. Safiyo ya bari har na gama, sannan ya yi magana a hankali.

"Akwai ranar da ban tambaye ka ba?"

Na ce ya tambaya, amma sau ɗaya, mai son mutum sai ya tambaye shi har sau uku. Direba ya ce shi ai ya yi ta biyu, kuma da ya ji ko da ƙamshin maganar akuya da ba Bakura ba, ko Makka ce sai ya fasa. Safiyo ya ce shi a inda ya tashi, in babban mutum ya ce ba komai, ana ɗauka ba komai ɗin ne, sake tambayarsa kamar ƙaryata shi ne. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, ba don na yi masa tsawa ba, sai don ya wuce dattijo a tsaye bai sani ba. A take ya ce in aika wa kawu za mu zo ranar Asabar, kuma wannan karon ba tambayata yake yi ba.

Muka je da ƙwaryar goro. Kawu ya karɓe mu a zaure, aka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ni ma ya tambaye ni duka kamar yadda ya tambaye su. Safiyo ya tattaro 'yar Hausarsa ya ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne. Kawu ya girgiza kai.

"Kai ba ka yi min komi ba. Baƙo makaho na, ko yana da ido. Wanda yas san ƙohwar gida shi na yay yi kurum."

Aka kawo abinci, ba akuya wannan karon, tuwon dawa ne da miyar sure, wato yakuwa, da ɗan nama. Kawu ya jawo kwanonsa, tsohon akushin da na sani tun ina yaro, ya ce wa safiyo da direba su matso su sa hannu. Ina kallo ya tura tsoka gaban safiyo da ɗan yatsa. Ni kuwa aka ajiye mini nawa daban, a kwanon baƙi, an rufe da faifai mai ado wanda Inna ba ta fito da shi sai an yi babban baƙo. Kawu ya dube ni da ladabin da ya fi mari ciwo, ya tambaye ni ko nan ya yi mini ko a kai mini inuwar waje. Edita, ka san abin da ya fito daga bakina? Na ce duk inda ka ce, Kawu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Awo, na sani." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Daga baya na koma ni kaɗai na durƙusa, ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda ya yafe. Shi ya nema mini aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Ya ƙara shekara goma da wani abu a duniya, ina zuwa duk sati biyu ko uku, amma duk zuwan da zan yi kwanon baƙi ake ajiye mini da faifansa. Ina zaune gefe ina kallonsa yana ci shi kaɗai, ina cewa a raina ranar da ya huce zai ce in matso. Ban taɓa tambaya ba, na ce kada in takura masa. Bayan an yi addu'ar bakwai ɗinsa na zauna da Inna, na ce mata abin da ya fi damuna shi ne kawu ya tafi bai mayar da ni kwanonsa ba. Ta ce tun zuwana na biyu take ce masa a daina raba mana kwano, shi kuma yana cewa a bar shi, in yaron yana so ya matso da kansa, ba wanda zai hana shi, ya kamata sau ɗaya a rayuwarsa ya faɗi abin da yake so. Ta tambaye ni ko ban taɓa lura ba, duk ranar da na zo yakan matsa ya bar wuri a damansa. Na lura, Edita. Na zaci ƙafarsa ce ke ciwo.

Abin da na koya na koye shi a makare. Kara hali ne mai kyau, da shi aka san mu, amma akwai wadda ba kara ba ce, tsoro ne kawai na kada a ce kana da matsala. Mai irin wannan hali yana ganin kansa mai haƙuri, alhali yana ɗora wa mutane aikin duba, in sun kasa karanta zuciyarsa ya riƙe su da laifin da ba su san sun yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai faɗa ba kada ya zargi maƙwabci. Ina kira ga matasa, musamman waɗanda ake yabo da rashin musu: in an tambaye ka ina za a ci, kuma akwai inda kake so, ko akwai wanda ke jiranka, ka faɗa tun a tambayar farko. Ba kowa ya san ana yin ta uku ba, wanda ya sani ma wani lokaci ya gaji da yi. Akushin kawu yana wajena yanzu, Inna ta ba ni kafin ita ma ta rasu. A ciki nake cin tuwo kullum, babu mai hana ni, sai dai babu mai turo mini tsoka.